Goshi: Tabon da Muke Nema da Lahanin da Muke Ɓoyewa

Tambayoyi iri biyu game da goshi suna yawan zuwa mana daga masu karatu a Wurno, Rabah da Goronyo. Ɗalibi yana son sanin dalilin da ya sa ya daɗe yana sallah amma tabo bai fito masa ba. Uwa kuma hankalinta ya tashi domin fatar goshin 'yarta ta yi siriri tana sheƙi, jijiyoyi sun fito ɓaro-ɓaro. Ta farkon ake ɗagawa a majalisi, ta biyun sai a raɗa, alhali ita ce mai haɗari.

Tabon sujada kanta ce, irin wadda fartanya take fitarwa a tafin manomi. Gugar fata da tabarma ko darduma mai kaushi ke haifar da shi, kuma fatar wani ta fi ta wani saurin ɗauka. Aya ta 29 a Suratul Fathi ta ambaci alamar sujada a fuskokin Sahabbai, amma Ibnu Kasir ya ruwaito cewa Mujahid, ɗalibin Ibnu Abbas, ya fassara ta da ƙanƙan da kai ga Allah, har ya ce tabon yana iya fitowa a goshin mai busasshiyar zuciya. Wanda ba shi da tabo bai rasa komai ba. Mai dirzar goshinsa don a gani kuwa, riya yake sayowa kansa.

Fitowar jijiya ma ba kullum cuta ba ce. Zafin rana, rama, tsufa da aikin ƙarfi suna fito da ita. Duk wanda ya yini a gonar albasa ko tafarnuwa a fadamun kogin Rima ya san haka. Sai dai idan wanda ya haura shekara 50 ya ji jijiyar gefen goshinsa tana zafi in an taɓa, tare da sabon ciwon kai ko dushewar gani, to a kai shi asibiti a ranar, domin jinkiri kan jawo makanta.

Abin da ya fi damunmu shi ne man bilicin, musamman haɗin da ake sayarwa a robobi marasa suna lokacin gyaran amarya. Da yawansu suna ɗauke da maganin sitiroyid, wanda ke cinye kaurin fata har ƙananan hanyoyin jini su bayyana, rauni ya daina saurin warkewa. Sinadarin hydroquinone, in an daɗe ana shafawa, yakan bar baƙin tabo mai wuyar fita, ita kuma makuri tana lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar ƙasa. Shari'a ta hana mutum cutar da kansa, kuma jiki amana ne. Laifin ba na 'yan mata kaɗai ba ne: samarin da ke cewa sai fara, da iyayen da ke biyan kuɗin haɗin, suna da kaso.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa yake Wurno, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da cututtukan ido. Malaman wannan yanki suna da gadon da ya wajabta musu kawo batun cikin huɗuba da karatun Islamiyyar matan aure ba tare da kunyata kowa ba.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kada ta yanke lokaci guda ba da shawarar likita ba, domin fata takan tayar da ƙuraje da raɗaɗi. Ta ɗauki robar man ta tafi da ita asibiti mafi kusa, inda za a iya tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato idan lahanin ya yi zurfi.