Yaron Da Ya Iya Ba Da Canji, Yaya Aka Yi Ya Faɗi Lissafi?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa maza da mata, ga tambaya. Ka bar yaronka a bakin rumfa, mai saye ya zo ya auni gero mudu uku da rabi, a ce mudu naira 1,200, ya miƙa dubu biyar. Kafin ka buɗe baki yaro ya mayar masa da ɗari takwas, ba alli ba takarda. To, shi wannan yaron ne fa ake kawo maka takardar sakamakonsa daga ƙaramar sakandare, watau kusan abin da kakanninmu ke kira Midil, an rubuta da jan biro wai bai san lissafi ba. Shin a ƙofar makaranta yake tuɓe ƙwaƙwalwarsa ya ajiye?

Ku zo mu bi shekarar aji ɗaya daki-daki. Ana buɗewa a watan Satumba, a rufe a Yuli, zango uku. Tun ran farko an riga an miƙa wa malami tsarin darussa daga ofis, kowane mako da abin da lalle sai an rubuta a allo. Ba wanda ya tambaya ko yaran nan sun fito firamare da jadawalin sau a ka. Zangon farko a watsa musu ɓangarorin lamba, da ƙidaya har biliyan. Wanda ya gane ya gane. Daga nan a shiga aljabara, harafi ya tsaya a madadin lamba, sa'an nan kusurwoyi da siffofi. Lissafi kuwa gini ne: wanda bai riƙe rabawa a Oktoba ba, in Fabrairu ta zo sai kallo. In mai duba makarantu ya zo, littafin malami yake dubawa, ya ga an kai mako na goma, ya sa hannu ya tafi. A Yuli, a makarantu da yawa, sai a kora kowa aji biyu kamar garken tumaki.

Kada wani ya ce malamai muke zagi. Mutumin da aka ba aji cike maƙil da minti arba'in, aka ce aikinsa ya ƙare littafi, ai littafin zai ƙare. Laifin yana wuyan masu auna aiki da yawan shafi.

Masu manyan riguna za su ce lissafin kasuwa daban, na boko daban. Mun ji. A shekarar 2025 mujallar Nature ta buga binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi a Kolkata da Delhi, ƙasar Indiya. Yara masu tsaron kaya a kasuwa sun yi lissafin ciniki daidai da ka, amma da aka rubuta musu irinsa a takarda sai suka kasa. 'Yan makaranta kuma sun iya na takarda, aka kawo musu na ciniki suka yi tsuru-tsuru. Ashe gada ce ba a gina ba tsakanin biyun, gina ta kuwa aikin makaranta ne.

Kuma ba wuya. Lambar da ke ƙasa da sifiri, me ce ce in ba bashi ba? Harafin aljabara buhu ne da ba a faɗi kuɗinsa ba tukuna. Mota biyu, ɗaya tana zuwa tasha duk kwana 4, ɗaya duk kwana 6, yaushe za su gamu? Kowane yaron mota zai ce maka kwana 12. Amma sai an naɗe wannan cikin Turancin da yaro bai ji, ya yi ta kokawa da kalma kafin ya kai ga lamba.

A nan ne abin takaicin yake. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara duk darussa, ban da darasin Turanci, da Yarabanci shekara shida, har lissafi, ba su kuwa gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta yarda a koyar da harshen uwa a firamare, ba ta wadata makarantu da littattafai ko malamai ba. A Nuwamban 2025 ministan ilmi Tunji Alausa ya soke tsarin, wai shi ya jawo faɗuwa a jarrabawa. Kai jama'a! Yaya za a ce magani ya kashe majinyaci alhali yana cikin kwalba?

Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma tilas har ƙarshen ƙaramar sakandare. To, a cika alkawari da ilmi, ba da zaman benci ba. A keɓe makonni shida na farkon aji ɗaya a gwada kowane yaro a tarawa, da ɗebewa, da sau, da rabawa, a gyara wanda ya gurgunce kafin a taɓa aljabara. A bar malami ya yi bayani da Hausa, sa'an nan ya ba da sunan abin da Turanci, tun da jarrabawa da Turanci take zuwa. Mai duba makarantu kuma ya ajiye littafin malami, ya kira yara biyar daga bencin baya ya ba su alli.

Ku kuma iyaye, taron iyaye da malamai na gaba kada ku aika da gaisuwa. Ku rufe rumfa sa'a guda ku je, da littafin aikin yaro a hannu, ku ƙirga a gaban hedimasta shafi nawa malami ya duba tun Satumba.