Sabunta Makaman Nukiliya: Wa Ake Yi Wa Wayo?

Hafsoshin Amurka sun daɗe suna cewa abin da suke yi gyara ne kawai: makamai sun tsufa, dole a sauya su don abokin gaba ya ci gaba da shakka, duniya ta zauna lafiya. Masu sharhi da yawa sun haɗiye maganar ba tauna. Ni ban yarda ba.

Makami mai linzami na Minuteman III tun 1970 yake aiki, guda 400 na cikin ramuka a Montana, Dakota ta Arewa, Wyoming da maƙwabtansu. Magajinsa, Sentinel, an tsara ya kai 2075. Alhali a yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya ta 1968, sashe na 6, Amurka ta yi alkawarin tattaunawa tsakani da Allah don a kwance ɗamara, ƙasashen da ba su da bam kuma suka haƙura da mallakarsa. Mai shirin tashi daga gari ba ya zuba harsashin sabon gida.

Kuma cikin duk makaman, waɗannan na ramuka su ne mafi haɗari. Abokin gaba ya san inda kowannensu yake. Makaminsa na isowa cikin kusan minti 30, don haka shugaban ƙasa na da mintuna ƙalilan ya yanke: ya harba ko a hallaka su a ƙasa. Jirgin sama ana iya kiransa ya dawo. Wannan in ya tashi, ya tashi ke nan. Ranar 9 ga Nuwamba 1979, faifan atisaye da aka sa a kwamfutar NORAD, rundunar tsaron sararin samaniyar Arewacin Amurka, ya nuna Tarayyar Sobiyet ta kawo hari. Allah ne ya kiyaye. William Perry, tsohon sakataren tsaron Amurka, da bakinsa ya ce a rabu da makaman ramukan nan.

Kuɗin fa? A Yulin 2024 ma'aikatar tsaron Amurka, Pentagon, ta amsa cewa farashin Sentinel ya ƙaru da kashi 81 cikin ɗari, ya kai kusan dala biliyan 141, sannan ta ce a ci gaba. Tun farko ma, kamfanin Northrop Grumman shi kaɗai ya rage a takarar kwangilar bayan Boeing ya janye.

Rasha da Sin ma suna nasu, ban wanke su ba. Kowa na fakewa da ɗan'uwansa. Amma Afirka ta Kudu ta wargaza bama-bamanta shida, ba wanda ya mamaye ta. Gwamnatocinmu da suka cika nasu alkawarin su daina kawaici a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, su kira shirin nan da sunansa: saɓa alkawari ne.