Kalmar da ke yagar nama

Wata ɗaliba ta tambaye ni makon jiya yadda za ta fassara kalmar Turancin nan "sarcasm", domin a aji an ce musu ba'a ce. Na ce mata ba'a ta yi wa kalmar faɗi. Sunanta a Hausa gatse.

Mai ba'a yana iya kwaikwayon tafiyarka a yi dariya. Mai habaici ba ya kama suna, wanda ya tsargu da shi ake. Shi kuwa mai gatse idonka yake kallo ya faɗi kishiyar abin da ke ransa. Yaro ya fasa tulu, uwa ta ce: "Sannu da aiki, ɗauko ɗayan ma ka fasa." Haka Bature ke yaba wa wanda ya makara da cewa ya yi sammako. Kalmomin na yabo ne, dafin yana cikin murya.

Asalin kalmar Turancin ya fi komai ba ni tsoro. Daga Girkanci take, "sarkazein", wato yagar nama, ta biyo ta Latin ta shiga Turanci, inda aka gan ta a rubuce tun 1579 cikin sharhin wani littafin waƙoƙin Edmund Spenser. Tushensu ɗaya da "sarcophagus", akwatin gawa na dutse, wanda ma'anar sunansa mai cin nama. Ni ma duk sanda na ji "gatse", kunnena yakan jiyo "gatsa", irin wadda haƙori ke yi wa goro.

Turawa kansu sukan cakuɗa "sarcasm" da "irony". Amma gobara a ofishin 'yan kwana-kwana "irony" ce, ba wanda aka nufa da ita. Gatse sai da wanda za a ciza.

A rubuce kuma muryar ɓacewa take yi, shi ya sa masu Turanci a intanet ke liƙa alamar /s a ƙarshen jimla. Mu a WhatsApp ba ma sa komai, sai zumunci ya lalace.

Yara na fi tausaya wa. Ƙaramin yaro maganar yake ji, bai iya karanta murya ba tukuna. Na ga wanda malami ya ce wa "kai ne gwanin ajin nan" bayan ya faɗi jarrabawa. Da gudu ya je gida ya yi wa mahaifiyarsa albishir.