Kuɗin da Aka Tsuke, Titi ke Biyansa



A 1987 wasu malaman labarin ƙasa biyu, Michael Dear da Jennifer Wolch, suka fitar da littafi kan biranen Arewacin Amurka. Tambayarsu guda ce: da aka sallami dubban masu taɓin hankali daga manyan asibitoci, gwamnatin Reagan kuma ta datse kuɗin kula da su tun 1981, ina mutanen suka nufa? Taswira ta ba su amsa. Tsakiyar gari suka taru, inda haya ke da araha, inda ake rabon abinci, da yawansu kuma suka ƙare a bakin titi ko gidan kaso.

Mu ƴan Zongon Yamai ba sai an zana mana wannan taswira ba. Unguwa ce ta baƙi da fatake tun asali, ga kasuwa kusa, sadaka ba ta yankewa. Wanda danginsa suka gaza, nan ƙafa ke kawo shi.

Me ya sa dangi ke gazawa? Ba rashin imani ba ne, galibi. Tun shekarun 1980 masu ba Nijar bashi suka ce a tsuke bakin aljihu. Tsarin Bamako na 1987 ya ɗora wa majinyaci wani kaso na kuɗin magani. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Zazzaɓi kwana kaɗan ne, amma ciwon ƙwaƙwalwa magani yake so wata da watanni, wani ma har ƙarshen rai. Uwa ta kai ɗanta Pavillon E, sashen masu taɓin hankali a Babban Asibitin Yamai, ya samu sauƙi, kuɗi su ƙare, ciwo ya dawo sabo. Daga nan sai ɗaki da kwaɗo, ko mari. Mu kuma mu ce aljanu ne, ko turamol, mu wuce.

A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. A yau kason Nijar bai kai haka ba, kuma a ɗan abin da ake warewa, ƙwaƙwalwa ce ta ƙarshe a layi.

Jami'ar Abdou Moumouni na da sashen labarin ƙasa. Malamai, ku turo ɗalibanku su ƙetaro gada, su bi unguwa-unguwa, su gano daga ina waɗannan bayin Allah suka fito, a ina maganinsu ya yanke. Ma'aikatar lafiya kuma ta saukar da maganin nan asibitocin unguwa, a farashin da mai tallan koko za ta iya biya.