Rawar Iyaye a Zaɓen Sana'ar Matasa a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura ta dauri, yaro bai cika wahalar tunanin abin da zai zama ba. Ɗan maƙeri kan tashi a gindin zuga-zugi, ɗan mahauci ya saba da wuƙa, ɗan wanzami kuwa ya rataya zabira. Kowace sana'a tana da sarkinta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aski, masu kula da ƙa'idojinta. Shi ya sa Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro yana da tabbacin iyawarsa domin ya ga mahaifinsa yana yi, kuma hannunsa ya taɓa aikin tun yana ƙarami.

Yau hanyoyi sun rarrabu. A shekarar 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, kuma a ƙarshen shekarar ce marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Matashin Baure ko Zango ko Sandamu yana iya karanta fannin da mahaifinsa bai taɓa jin sunansa ba. Duk da haka, a gidaje da yawa uba ne ke yanke hukunci shi kaɗai: wane zai zama likita, wance malamar asibiti.

Haƙiƙa iyaye suna da hujja. Su ne masu biyan kuɗin makaranta, sun kuma ga masu digiri suna zaman kashe wando. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sai dai hangen babba ya tsaya ne ga abin da ya sani, alhali baiwar yaro tana iya kasancewa a wani wuri dabam.

A shekarar 1977 masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya bayyana cewa yarda da iyawar kai tana tsirowa daga tushe huɗu: nasarar da mutum ya samu da hannunsa, da ganin wani irinsa ya yi nasara, da ƙarfafawar baki, da kuma natsuwar zuciya. Idan aka lura, sana'ar gado ta tanadi dukansu. Tilas kuwa tana tauye su. Yaron da aka cusa ajin kimiyya alhali zuciyarsa na ga harshe ko tarihi, zai yi ta faɗuwa a lissafi da kimiyyar sinadarai, a gida a kira shi daƙiƙi, har ya yarda cewa shi ba ya iya komai. Irin wannan yaro yakan yi asarar shekaru yana maimaita jarrabawar JAMB. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, domin sau da yawa ba a ma tambayar ra'ayinta.

Ƙasar Sin ta fuskanci makamancin wannan hali. Tun da aka maido da jarrabawar shiga jami'a ta gaokao a 1977, sannan dokar haihuwar ɗa ɗaya ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, iyalai da dama suka ɗora burinsu kacokan a kan yaro guda. Darasin da ke ciki shi ne, ƙauna idan ta rikiɗe ta zama matsi, takan haifar da fargaba maimakon ƙwarin guiwa.

Wannan ba kira ba ne ga iyaye su janye hannu. Yaron da aka ce masa "ka yi abin da ka ga dama" ba tare da bibiya ba, shi ma an bar shi a duhu. Abin da ya dace shi ne shawara: uba ya saurari ɗansa, ya kai shi wurin masu aikin da yake sha'awa, ya bar shi ya gwada hannunsa lokacin hutu, a gona ko gareji ko kasuwar Mai'aduwa, sannan ya yaba masa idan ya yi ƙoƙari.

A nan ne nauyin malami yake. A ƙarshen ƙaramar sakandare ake rarraba ɗalibai zuwa ajin kimiyya ko fasaha ko kasuwanci, kuma malami ne ya fi kowa sanin inda kowane yaro ya fi ƙarfi. Wajibi ne ya adana sakamakon ɗalibi na shekaru uku, ya gabatar da shi ga iyaye cikin ladabi a taron iyaye da malamai, ya kuma fahimtar da su darussan da kowane fanni yake buƙata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai hikima yakan duba inda ya karkata kafin ya sa hannu, don kada ya karye.