Kashin Maƙera Da Tambayar Da Na Taho Da Ita Daga Jibiya

Duk wanda ya je Jibiya ya ji batun layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, dole ya yi murna. Ni ma na yi, sai dai na dawo da tambaya guda: ƙarfen da jirgin zai bi ta kansa, a ina aka narka shi? A ƙasashen waje, alhali tun 1982 Katsina take da kamfanin mulmula ƙarfe.

Mai karatu, matsalar tun daga tushe take. An gina kamfanonin Katsina da Jos da Oshogbo ne don su mulmula sandunan ƙarfen da Aladja za ta aiko, ita kuwa ba ta taɓa wadatar da su ba. Ajakuta, wadda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, babbar tukunyarta ba ta taɓa narka tama ba. Da ma an ce kwaɗayi mabuɗin wahala: mun yi kwaɗayin gine-gine, muka bar ilimin abin.

Ilimin kuwa ya ta'allaƙa ne kan abu biyu. Tun da aka fara a Linz ta ƙasar Austiriya a 1952, ana hura iskar oksijin tsantsa cikin narkakken ƙarfe don ta ƙone sinadarin kabon da ya yi yawa. Amma in iskar ta saura a ciki, ƙarfen zai daskare da ƙananan ramuka, don haka ake zuba alminiyom ko silikon su kwashe ta. Na biyu shi ne dattin da ke tasowa sama, wanda kakanninmu suke kira kashin maƙera. Ana zuba farar ƙasa don wannan datti ya tsotse fosfaras da farar wuta, masu sa ƙarfe ya karye maimakon ya lanƙwashe. Masu narka tama a gindin Dala, da zugazugansu, sun san cewa gwanintar tana wajen auna iska da raba ƙarfe da kashinsa.

Me ya shafe mu? Yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan daga kayan jari-bola ake narka shi, a tukwanen lantarki da ke narkarwa amma ba su iya tacewa sosai. Ƙasar Sin ta haramta yin rodin gini da irinsu a 2017. Mu kuwa da irin wannan rodi ake zuba dakin na makarantu da asibitoci, kuma in bene ya rufta, ba ya tambayar wanda ke ƙasa ko shi wane ne.

A ganina, gyaran ba ya buƙatar jiran Ajakuta. Muna da cibiyar binciken ƙarafa a Jos, muna da sashen nazarinsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A ba su kuɗin bincike, a haɗa su da masu narkarwa, hukumar SON kuma ta tilasta gwajin kowace tukunya kafin rodi ya shiga kasuwa.

In ba haka ba, ranar da jirgi zai ratsa Jibiya, maƙwabtanmu na Maraɗi za su tambaye mu abin da muka ƙera, mu kuwa sai sunkuyar da kai. Allah Ya ganar da shugabanninmu.