Kafin ka ɗauki kalkuleta, gane tambayar tukuna

1/ Ɗaliban ƙididdiga, musamman 'yan Poly Kaura Namoda, ku matso. A ganina abin da ke kayar da mutane a darasin yiwuwa shi ne rashin gane wane rabo tambaya take nufi. An haddace fomula, amma ba a san inda za a sa ta ba.

2/ Mu je Kasuwar Daji. Ka sayi irin wake, ka shuka ƙwaya 20, a ce yiwuwar kowace ta tsiro 0.8 ce. Adadi a ƙayyade yake, sakamako biyu ne kawai: ta tsiro ko ba ta tsiro ba. Wannan Bainomiyal ne, n=20, p=0.8. Matsakaici np, wato 16.

3/ Yanzu ka tsaya bakin hanya kana ƙirga motocin da ke shigowa kasuwa cikin awa ɗaya. Babu n a nan, ba ka san iyakarsu ba. Wannan na Poisson ne, Bafaranshen da ya wallafa shi a 1837. Lamba ɗaya yake buƙata, λ, ita ce matsakaici, ita ce kuma bariyans.

4/ Nauyin buhun gero fa? Aunawa ake yi, ba ƙirgawa ba. To Nomal ke nan, da μ da σ. Ga tarkon: a yawancin littattafai, in ka ga N(100, 25), 25 ɗin σ² ce, σ kuwa 5. Kusan kashi 95 cikin 100 na buhunan za su faɗa tsakanin kilo 90 da 110. In ka ɗauki 25 a matsayin σ, amsa ta tafi.

5/ Sannan a duba sharaɗi. Poisson yana son kowace mota ta zo don kanta. To in direbobin hanyar Shinkafi ko Zurmi suna jiran juna su taho a ayari saboda tsaro, sharaɗin ya karye. Za ka ga shiru, sai motoci goma lokaci ɗaya.

6/ Wasu za su ce ai lissafin ake ba maki. Haka ne, amma lissafi mai kyau a kan rabon da ba shi ba ne, sifili ne.

7/ Malamai, don Allah ku riƙa ba da tambayoyin da ba lissafi: faɗi sunan rabon, fitar da lambobinsa, faɗi dalili. Ɗalibi kuma ya fara da tambayar kansa: ƙirgawa nake ko aunawa? Akwai n ko babu?